Takobi, annoba da ƙararrawar coci: yadda Katolika ta shiga gidajen 'yan asalin Latin Amurka

Duk mai kallon ƙwallo ya saba ganin wannan abin, ɗan wasan Meksiko ko Kolombiya ko Ajantina zai shiga fili sai ya taɓa ciyawa ya zana alamar gicciye a goshi da ƙirji. Da yawansu in ka dubi fuskarsu za ka ga ba Turawa ba ne zalla, jinin mutanen da aka tarar a ƙasar ne, jikokin Aztek da Maya da Inka. To tambayar da ta daɗe tana cina ita ce, ya aka yi mutanen da shekara ɗari biyar da ɗoriya baya ba su taɓa jin sunan Yesu ba, suna da allolinsu da limamansu da kalandarsu, yau su ne suka fi kowa yawa a ɗariƙar Katolika a duniya? Amsar da aka fi bayarwa ita ce "ai da takobi aka tilasta musu". Gaskiya ne an yi amfani da takobi, sosai ma kuwa, amma takobi kaɗai ba ya sa uwa ta koya wa ɗanta addu'a bayan mai takobin ya tafi da shekara ɗari biyu. Akwai sauran bayani.

Sai mun fara komawa Sifaniya ta 1492 kafin a gane komai. A watan Janairun shekarar ne Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, a shekarar aka kori Yahudawa, a shekarar kuma Kolombus ya tashi da jiragensa uku ya tsallaka teku har nahiyar Amurka. Wato mutanen da suka tsallaka teku sun fito ne daga ƙasar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana yaƙi da sunan addini, kuma bayan shekara goma ta tilasta wa Musulmin yankin Kastil ko dai su karɓi baftisma ko su bar ƙasar. Wannan tunanin suka ɗauko ɗungurungum suka kai sabuwar ƙasa. Hernán Cortés, wanda ya ci Meksiko, a wasiƙunsa ga sarki in zai ambaci ɗakunan bautar Aztek sai ya ce musu masallatai, don shi a kansa duk wurin ibadar da ba coci ba masallaci ne. Waliyyin yaƙinsu ma, Santiago, wanda a Sifaniya ake masa kirari da mai kashe Mur, wato Musulmi, da ya je can sai kirarin ya koma mai kashe Indiyawa, sunan da suka laƙaba wa 'yan asalin ƙasar.

A 1493 Fafaroma Alexander na shida, shi ma ɗan Sifaniya ne, ya fitar da takarda ya ba sarakunan Sifaniya ƙasashen da aka gano, da sharaɗin su shigar da mutanen ciki addinin Kirista. Nan ne gindin maganar. Wa'azi shi ne hujjar mallakar ƙasar, in babu wa'azi babu dalilin zama. Sannan a 1508 wani Fafaroman ya ba sarkin Sifaniya ikon zaɓar bishop-bishop da kula da coci a can, saboda haka fada, wato limamin coci, da gwamna duk ma'aikatan sarki ɗaya ne.

Akwai wata takarda da suka rubuta a 1513 mai suna Requerimiento, wallahi duk lokacin da na tuna ta sai raina ya ɓaci. Doka ta ce kafin a kai wa gari hari sai an karanta musu ita. Abin da ke ciki shi ne tarihin duniya a taƙaice tun daga Adamu, da cewa Fafaroma ya ba sarkin Sifaniya ƙasarku, ku miƙa wuya ku bari a yi muku wa'azi, in kun ƙi za mu yaƙe ku mu bautar da matanku da 'ya'yanku kuma alhakin jinin yana wuyanku. Da Sifaniyanci ake karantawa, ga mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya, wani lokaci daga kan jirgin ruwa, wani lokaci da dare daga nesa da gari ana karanta wa itatuwa. Kusan irin haka ta faru a Cajamarca ta ƙasar Peru ranar 16 ga Nuwamba 1532. Francisco Pizarro da mutum 168 kacal sun ɓuya a gine-ginen da ke kewaye da dandali, sai fada Vicente de Valverde ya fito da tafinta ya tari Atahualpa sarkin Inka, ya yi masa bayani ya miƙa masa littafi. Atahualpa bai taɓa ganin littafi ba, ya jujjuya shi ya yar a ƙasa. Shi ke nan, aka buɗe wuta, aka kashe dubbai a yammacin nan aka kama sarki. Ya cika musu ɗaki da zinariya don fansar kansa, duk da haka a Yulin 1533 suka yanke masa hukuncin ƙonawa, sai aka ce in ya yarda aka yi masa baftisma za a shaƙe shi maimakon wuta. Ya yarda. Ka ga irin wannan baftismar ai kowa ya san sunanta.

Sai tsarin encomienda, wanda shi ne cin amanar da ya fi muni. Za a ɗauki gari guda ko garuruwa a damƙa wa Basifaniye ɗaya, su riƙa yi masa aiki suna biyan haraji, shi kuma wai ya kula da koya musu addini. Aikin dai an yi shi har mutane suka ƙare a ramukan haƙar zinariya, koyarwar kuwa sai abin da hali ya yi. A tsibiran Karibiyan mutanen Taino cikin 'yan shekaru goma-goma suka kusa shafewa. Wani fada Basifaniye, Bartolomé de las Casas, ya ba da labarin wani sarkinsu mai suna Hatuey da aka ɗaure za a ƙona a Kyuba a 1512, fada ya ce masa ka karɓi addini ka shiga aljanna, ya tambaya su Kiristocin nan can za su? aka ce masu kirkinsu can za su, ya ce to shi ya zaɓi wuta, kada ya sake haɗuwa da su.

Amma fa adalci shi ne a faɗi cewa daga cikin cocin ne muryar farko ta fito tana tsine wa wannan aika-aika. A Disambar 1511 a Santo Domingo wani fada ɗan ƙungiyar Dominikan, Antonio de Montesinos, ya hau mumbari gaban manyan gari ya ce musu duk kuna cikin zunubi mai halakarwa, waɗannan ba mutane ba ne? da wane haƙƙi kuke bautar da su? Shi kansa Las Casas yana da nasa encomienda da farko, ya ajiye, ya shafe kusan shekara hamsin yana kai ƙara gaban sarki. A 1537 Fafaroma Paul na uku ya fitar da hukunci cewa Indiyawa mutane ne masu hankali, ba a bautar da su ba a ƙwace musu dukiya. A 1550 har muƙabala aka shirya a birnin Valladolid tsakanin Las Casas da malami Sepúlveda a kan ko yaƙarsu halal ne. Sai dai mu 'yan Afirka akwai abin da ba za mu tsallake ba, Las Casas ɗin nan a farkon gwagwarmayarsa ya ba da shawarar a kawo bayi baƙaƙe don a sauƙaƙa wa Indiyawa, daga baya ya rubuta da hannunsa cewa ya yi nadama, zaluncin duk ɗaya ne.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Birnin Tenochtitlan, hedikwatar Aztek, ya faɗi ranar 13 ga Agusta 1521. Shekara uku bayan haka, a 1524, wasu fada goma sha biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan suka sauka a gaɓar Veracruz suka tako da ƙafa, ba takalmi, riguna duk faci, har birnin Meksiko. Da suka iso sai Cortés, mutumin da ya rusa daula, ya sauko ya durƙusa gaban jama'a yana sumbatar hannunsu. Ka sa kanka a matsayin basaraken Aztek da ke tsaye yana kallo. A hanya mutane suna ta nuna su suna cewa "motolinia", wato matalauci a Nahuatl, harshen Aztek, sai ɗayansu Toribio de Benavente ya tambayi ma'anar, da aka gaya masa ya ce daga yau sunana ke nan, kuma da shi tarihi ya san shi. Waɗannan ba zinariya suka zo nema ba, sun zauna a ƙasa sun ci masara da barkono da talakawa, sun koyi harshe, kuma sau da yawa su ne suke tsayawa tsakanin talaka da bulalar mai encomienda. Dominikan suka biyo a 1526, Agustiniyan a 1533, 'yan Jesuit sai 1572.

Baftisma kuwa kamar ana rabon ruwa. Pedro de Gante ya rubuta cewa akwai ranar da shi da abokinsa suka yi wa mutum dubu goma sha huɗu, Motolinía kuma yana lissafin miliyoyi kafin 1540. Ko an yi ƙari a lissafin, abin tambaya shi ne me ya kawo mutane haka? A ganina abu biyu ne manya. Na farko annoba. Cutar agana ta shigo a 1520, sannan wata da suke kira cocoliztli ta zo a 1545 ta sake dawowa a 1576, ga ƙyanda, ga sauransu, jikinsu bai san ko ɗaya ba. Masana sun saɓa a kan yawan mutanen tsakiyar Meksiko kafin zuwan Turawa, wasu har suna kai shi sama da miliyan ashirin, amma an haɗu a kan cewa zuwa farkon shekarun 1600 abin da ya rage bai wuce miliyan ɗaya da wani abu ba. Tsofaffin da suka haddace waƙoƙin bauta sun mutu, limaman gargajiya an kashe ko sun ɓuya, ɗakunan bauta an rushe, ga baƙi cutar ba ta cinsu kamar yadda take cin 'yan gari. Mutumin da ya binne 'ya'yansa biyar a wata ɗaya, duk inda ya ji an ce akwai ceto zai nufa. Na biyu kuma, a al'adar mutanen yankin in an ci gari da yaƙi to allan masu nasara ya fi ƙarfi, sai a karɓe shi a ƙara a kan waɗanda ake da su. Da yawa da suka miƙa kai aka zuba musu ruwa haka suka fahimci abin, ƙari ne, su kuwa fada suna nufin musanya. Wannan rashin fahimtar juna shi ya haifi kusan duk rikicin da ya biyo baya.

Dabarar da ta fi ci ita ce ta yara. Sai su tattara 'ya'yan sarakuna a makarantar da ke jikin coci, su raba su da iyaye, su koya musu karatu da waƙa da addini, sannan su tura su gida su tona inda aka ɓoye gumaka. A Tlaxcala wani yaro Cristóbal ya riƙa farfasa gumakan babansa, uban ya kashe shi a 1527, coci ta ayyana shi waliyyi a 2017. Ni abin da nake gani a labarin nan gida ne aka tsaga biyu, uba da ɗa. A 1536 aka buɗe kwalejin Santa Cruz a Tlatelolco inda 'ya'yan Aztek suka ƙware a Latin har suna gyara wa Turawa, amma da taron bishop-bishop na 1555 ya zo sai aka hana naɗa ɗan ƙasa fada. Ka iya ka yi sharar coci, ka yi waƙa, ka yi tafinta, amma ba ka jagoranci ibada ba.

Maganar aure ma ta ba su wuya, don manyan gari suna da mata da yawa kuma an ce sai ɗaya. Wani hukuncin Fafaroma na daban, shi ma na 1537, ya ce mutum ya riƙe wadda ya fara aura, in ya manta wacce ce ya zaɓi wadda yake so. Nan take mantuwa ta yi yawa a gari. Sauran matan da 'ya'yansu kuwa su ne suka sha wahalar.

Inda na fi son in daɗe shi ne harshe, don nan ne abin ya kuɓuce daga hannun masu wa'azin ba su sani ba. Ya za ka ce "zunubi" da Nahuatl? Kalmar da suka samo ita ce tlatlacolli, wadda asalinta tana nufin abin da ya lalace ko aka ɓata, ko da gangan ko bisa kuskure, kamar tukunyar da ta fashe, babu wannan nauyin na saɓa wa Ubangiji. Jahannama suka ce Mictlan, alhali Mictlan a wurin Aztek lahira ce kawai da yawancin mutane ke zuwa, na kirki da na banza, saboda haka in fada ya ce za ka tafi Mictlan mai sauraro bai ji wata barazana ba. Shaiɗan suka kira shi tlacatecolotl, mutum-mujiya, wato maye mai rikiɗa. Sunan Ubangiji kuwa suka ji tsoron kalmar teotl kada a haɗa shi da tsofaffin alloli, sau da yawa sai su bar shi Dios yadda yake. Fada yana faɗin abu ɗaya, kunnen jama'a yana jin wani. Wanda ya fi kowa gane haka shi ne Bernardino de Sahagún, ya shafe shekaru yana zama da tsofaffi tare da ɗalibansa na Tlatelolco suna rubuta addini da al'ada da magungunan Aztek cikin juzu'i goma sha biyu da Nahuatl da Sifaniyanci, niyyarsa wai likita sai ya san cuta kafin ya ba da magani, sai ga shi aikin nasa ya zama babbar taskar da ta adana abin da aka zo shafewa. A Peru ma littafin koyon addini da aka buga a Lima a 1584 da harshe uku ya fito, Sifaniyanci da Kechuwa da Aimara.

Da fada suka gano cewa mutane suna zuwa coci da safe suna yanka wa tsofaffin alloli da dare, wasu suka fusata, fushin kuma ya yi muni. Bishop Zumárraga ya sa an ƙona Don Carlos, basaraken Texcoco, a 1539. Mafi muni shi ne na Maní a yankin Yucatán a 1562, inda Diego de Landa ya sa aka azabtar da 'yan Maya sama da dubu huɗu, ana rataye su ta hannu ana ɗaura musu duwatsu a ƙafa, fiye da ɗari da hamsin suka mutu, sannan ya tara littattafansu ya cinna wuta. Shi da kansa ya rubuta cewa abin ya ba su baƙin ciki matuƙa. Mutanen da ke da rubutunsu na kansu da lissafin taurari, yau littattafansu huɗu kacal suka rage a duniya. Landa ya koma Sifaniya ya amsa tuhuma, aka wanke shi, ya dawo a matsayin bishop.

Sannan aka sake wa mutane zama gaba ɗaya. A shekarun 1570 gwamna Francisco de Toledo ya kwashe fiye da mutum miliyan ɗaya a tsaunukan Andes daga ƙauyukansu ya zuba su a sababbin garuruwa, dandali a tsakiya, coci a gefensa, ƙararrawa tana kiran mutane, akwai ɗan gari da aka naɗa yana kiran suna, wanda bai zo ba ya sha bulala. An raba su da duwatsu da maɓuɓɓugai da kaburburan kakanni da suke girmamawa. Coci kuma da gangan ake ɗora ta a kan tsohon wurin bauta. A Cusco ta Peru cocin Santo Domingo tana zaune a kan katangar Coricancha, haikalin rana na Inka, a Cholula ta Meksiko kuma coci ce a ƙololuwar wata ƙatuwar dala.

Ba kowa ne ya sunkuya ba. A 1680 mutanen Pueblo, a inda yake New Mexico ta Amurka yanzu, ƙarƙashin wani mai suna Popé suka tashi rana ɗaya suka kashe fada 21 da Sifaniyawa kusan 400, suka shiga kogi suna wanke baftisma daga jikinsu, suka zauna shekara goma sha biyu ba Bature. Mapuche na kudancin Chile ba a taɓa cinsu ba har mulkin Sifaniya ya ƙare. Can a Filifin ta nahiyar Asiya ma, inda Legazpi ya kafa mulkin Sifaniya daga 1565 ya karɓe Manila daga hannun sarakuna Musulmi a 1571, arewa da tsakiya sun zama Katolika, amma Musulmin Mindanao da Sulu sun yi shekara ɗari uku suna fafatawa, kuma sunan da Sifaniyawa suka laƙaba musu, Moro, shi ne dai Mur ɗin nan, sunan Musulmin Andalus.

Waɗanda suka karɓa kuma sun karɓa ne da hannunsu, suka murɗa shi ya dace da su. Misalin da ya fi kowanne shi ne Maryamu ta Guadalupe. Labarin da Katolikan Meksiko suka yi imani da shi shi ne a Disambar 1531 ta bayyana ga wani talaka ɗan ƙasa, Juan Diego, a tudun Tepeyac, ta yi masa magana da Nahuatl, hotonta ya fito a mayafinsa da fata irin tasu. Rubutaccen labarin sai a 1648 da 1649 aka buga shi. Shi Sahagún tun a zamaninsa yana ƙorafi cewa tudun nan wurin bautar wata allahiya ce da ake kira Tonantzin, ma'ana uwarmu, kuma mutane suna tururuwa can suna kiran Maryamu da wannan sunan. Da Miguel Hidalgo, shi ma fada ne, ya ɗaga tutar tawaye ga Sifaniya a 1810, hoton Guadalupe ne a jikin tutar. Addinin da aka kawo don ya halatta mulki, da shi aka kori masu mulkin. A babbar cocin Cusco akwai zanen jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa wanda Marcos Zapata, mai zane ɗan yankin, ya yi a tsakiyar ƙarni na 18, a farantin tsakiya ya ɗora gasasshiyar dabba irin ta can, yawanci ana cewa ɓeran Masar ne, abincin biki a Andes.

A 2015 a Bolibiya Fafaroma Francis ya nemi gafarar 'yan asalin nahiyar a kan laifukan da aka yi musu lokacin mamaya, a 2023 kuma fadar Batikan ta nesanta kanta da waccan aƙida ta cewa wanda ya gano ƙasa shi ke da ita. Can a jihar Chiapas kuwa, a cocin San Juan Chamula ta 'yan Maya masu jin Tzotzil, babu kujeru, ganyen itacen pine irin na tsaunukansu ne shimfiɗe a ƙasa, kyandirori ɗaruruwa suna ci, iyali suna zaune gaban gunkin waliyyi da mai maganin gargajiya yana addu'a da harshensu, kaza a hannunsa zai shafa wa mara lafiya kafin ya murɗe mata wuya. Fada yakan zo ne lokaci-lokaci ya yi wa jarirai baftisma ya koma, ragamar cocin tana hannun dattawan gari.